Folole Duba-Gari da Zanen Gadon da Ya Zagaye Ƙauye

A ƙauyenmu da ke bakin teku a tsibirin Savai'i, in ka ji an tashi da shara tun da sassafe, ana kakkaɓe tabarmi ana zagin yara, to ranar zagaye ce. Sau ɗaya a wata kwamitin mata ke bi gida-gida. A leƙa madafa, a leƙa makewayi, sannan matar gida ta shimfiɗa tabarminta da gidan sauro da zanen gado a duba. Wadda ke jan gaban zagayen tun kafin a auro ni garin ita ce surukata, Folole, uwar mijina.

'Yar guntuwar mata ce, amma muryarta tana kaiwa har wurin masu kamun kifi. Ba ta rabo da mafici, kuma ba don fifita take riƙe shi ba, don nuni ne. In ta nuna kusurwar gidanki da shi, to ko ba ki duba ba akwai abin kunya a wurin. Daga kan hanya take hango ɓawon kwakwa a bayan madafa. A zagayen farko bayan aurena ta kayar da ni a gaban kowa saboda saƙar gizo, alhali a gidanta nake zaune, abincin da na dafa ne a cikinta. Na yi kuka ranar, na kuma yi mata addu'ar da ba zan maimaita ba.

Abin ya faro ne da hayaƙi. Kullum sai ta ce, "Siniva, wane irin ice kike hurawa ne? Duk duniya ta turnuƙe." Ni kuwa ko ashana ban ƙyasta ba. Daga nan ta fara cewa ranar zamanin yanzu ba ta da haske irin ta dā. Wata rana ina taje mata kai na dubi idonta da kyau, na ga baƙin ya yi fari-fari kamar an ɗiga madarar kwakwa. Yanar ido ce, irin wadda tsufa ke kawowa, kowa ya san ta. Na buɗe baki zan yi magana, ta ce in ina son zama lafiya in ci gaba da aikin da ke gabana.

Na san abin da take tsoro. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata duk suna New Zealand. A wurinmu tsohuwar da ido ya gaza, jingina ta ake yi da ginshiƙin gida a ba ta sanda ta riƙa korar kaji. Zagayen nan shi ne abin da ya rage wa Folole, shi ke sa a tashi tsaye in ta shigo. Don haka ta ɓullo da dabaru. Ta fara riƙe hannuna a hanya, wai ni ce ban iya tafiya ba, kada in faɗi in kunyata ta. Ta koma duba kaya da yatsu, tana cewa ai da ma masu duba na gaskiya haka suke yi.

Kada ku zaci matan garin sun yi baƙin ciki. Ba a taɓa samun kwanciyar hankali irin ta shekarun nan ba. Ba wadda ta ce uffan game da idon Folole, sai ma yabo. "Kai, Tina, idonki sai ke!" Tina shi ne uwa a bakinmu. Suna faɗa suna tura ƙazantattun tukwane bayan akwati da ƙafa.

Tauvela, 'yar wan marigayi mijin Folole, ita ta kai abin ƙarshe. Mace ce mai jiki da son hira, ba ta taɓa kammala ɗinkin komai ba. Ta lura cewa gidan Folole ne ake dubawa a ƙarshe, kuma a akwatinta akwai wani farin zanen gado mai jan fure da aka aiko mata daga waje. A dangi aro ba ya buƙatar dogon bayani. Da mun fita zagaye sai Tauvela ta ɗauko shi, ta shimfiɗa a gidanta. Folole ta shafa ta ce ya yi. Kafin mu gama shan shayi an naɗe shi, ya bi ta bayan bishiyoyin ayaba ya riga mu isa gida na gaba. Manyan mata masu jikoki suna tsallake shingen aladu da zanen gado a hammata! Sauran 'yan kwamitin kuwa sai kallon sama, don su ma gidajensu na kan layi. Da yamma zanen ya koma akwatinsa a gajiye.

Da haka za a yi ta tafiya, ba don ranar gidan Fasto ba. Muna shiga Folole ta saki hannuna, ta miƙe wurin wani farin ƙyalle da ke gefen ginshiƙi. Ta kama shi ta murza, ta ɗaga ta shinshina.

Ta ce, "Wannan labulen yaushe rabonsa da ruwa? Ga yadin ma na arha. A cire shi yanzun nan."

Ta fara ja. Ba labule ba ne, zanen da Fasto ya ɗaura ne, kuma yana ciki. Bawan Allah ya riƙe ƙugunsa da hannu biyu, ya ce a hankali, "Barka da zuwa, Folole." Wata ta fita da gudu tana toshe baki, muka ji ta faɗi a cikin gonar gwaza.

Washegari matar Fasto, wadda muke kira Faletua, ita ce kuma shugabar kwamiti, ta zo gidanmu ta zauna ta naɗe ƙafa. Ta yi doguwar gaisuwa, sannan ta ce, "Tina, likitocin ido za su zo babban asibiti wata mai zuwa. Aikin ba ya daɗewa, an yi wa mahaifina ya warke. Ko dai ki je, ko kuwa ki huta da zagaye haka nan. Kin yi wa garin nan aiki."

Da baƙuwar ta tafi na ga Folole ta ajiye maficin a ƙasa, tausayinta ya kama ni har na manta da saƙar gizo.

Labari na bazuwa sai ga mata da kwanuka. Wannan ta kawo kifi, waccan gwaza da madarar kwakwa. Tauvela ce kan gaba.

Ta ce, "Tina, kada ki yarda! An ce ciro idon suke yi su ajiye a faranti su wanke."

Wata ta ce, "Ni na ji wani tsoho da aka mayar masa da nasa a juye, har yau bayansa yake gani."

Tauvela ta ce, "Mu za mu roƙi Faletua. Me ya sami idonki? Mu dai ba mu ga komai ba."

Folole ta cinye kifin tas, ta suɗe yatsu, ta ce, "Tunda nake ban taɓa jin kuna ƙaunata irin yau ba. Lallai za ni."

A cikin bas ba ta zagi direba ko sau ɗaya ba, a nan na san tsoro ya kai mata ko'ina. Ta riƙe hannuna har ya yi tsami. Ido ɗaya aka fara yi mata, ɗayan sai daga baya. Da aka cire bandejin ta yi ta ƙifta ido, ta dubi taga, ta dubi hannuwanta, sannan ta juyo ta ƙura mini ido.

Ta ce, "Siniva? Yaushe kika tsufa haka?"

Na ce, "A gidanki, Tina."

Kafin mu fito ta nuna wa ma'aikaciyar jinya ƙura a kan taga.

Ranar zagayen da ya biyo baya ƙauyen ya yi tsit kamar an yi rasuwa. An yi shara, an wanke tukwane, amma zanen gado ba ya tsirowa a gona, kuma an daɗe ba wadda ta sayi sabo. Gidan Tauvela ne na farko. Da ta rasa mafita sai ta shimfiɗa wanda ta saba, ta juya furen ƙasa, ta tsaya gefe tana zufa.

Folole ta shigo, kowa ya miƙe. Ba ta ko dubi zanen ba. Ta rufe idanunta, ta durƙusa, hannunta ya tafi kai tsaye kusurwa ɗaya ya tsaya.

Ta ce, "Ga shi nan. Dutsen guga ne ya ƙone shi, ni na yi facin da hannuna. Shekara nawa ke nan ina gaisawa da facin nan a kowane gida? Har na san wadda ke naɗe shi da hannun kifi. Tauvela, ke ce."

Faletua ce ta iya cewa, "To, Tina, me ya hana ki faɗa?"

Folole ta buɗe ido ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Ku me ya hana ku faɗa? Kuna gani ina gaida gangar ruwa a bakin hanya, ba wadda ta taɓa yi mini dariya a gabana. Kun rufa mini asiri, na rufa muku." Sai ta yi maza ta ɗaga mafici. "Wannan watan kowa ta ci. Wata mai zuwa wadda ba ta da nata, ta shirya kwana a kan ganyen ayaba. Ke kuma Tauvela, wanke shi kafin ki mayar, ya sha yawo."

Tauvela ta fashe da kuka da dariya lokaci ɗaya, ta share hanci da gefen zanen, aka sake yi mata faɗa.

Muna fitowa Folole ta laluba ta kama hannuna kamar kullum. Hanya a share, rana tsaka, tana hango har kwale-kwalen da ke can cikin teku.

Na ce, "Tina, ai yanzu kina gani."

Ta ƙara matse hannun, ta ce, "Na sani. Ke ce har yanzu ba ki iya tafiya ba."