Layi ukun da Baba Yakubu ba ya yankewa

Kullum da sassafe, in muna dawowa daga ɗibar ruwa, sai mun gamu da Baba Yakubu bisa tsohon kekenshi, ya nufi fadama. Shi ne mai wa'azi a ƙaramin cocin unguwarmu nan Gummi, shekara ashirin da shida ke nan yana yi, kuma wagga Lahadi zai aje aiki. Ni ban taɓa iya ce mishi komi ba bayan gaisuwa, shi ya sa na rubuta.

Mu Musulmi ne, ta katanga nike jiyo wa'azinshi. Kusan kullum zance guda: Allah ya ba da abincin da zai ishi kowa, mutane ne ke kwashewa har bakin iyaka. Shi kuwa in ya yanke shinkafa, layi uku na gefe yake bari a tsaye, na wanda bai da gona.

Shekarar da muka gudo daga ƙauyenmu na Bukkuyum, Mama Ladi matarshi ta gaya ma Inna haka. Inna ta ɗauki lauje ta tahi. To kowa ya san mai kala, abin da ya zube ƙasa take tsinta, mai sa lauje ga tsayayyar shinkafa ɓarawo ne. Dodo, mai gonar kusa, ya riƙe mata hannu ya tara mutane. Har da wanda ya ba mu ɗaki, ya ce in ta tabbata, yau mu kwashe kayanmu. Ina tsaye nan ina kallo.

Sai ga Baba. "Dodo, sake ta. Nata ne."

"Naka dai, Malam! Tsaye ta iske shi."

"To don wa na bar shi tsaye? Don tsuntsaye?"

Mutane suka kwashe da dariya. Ya duba laujen Inna ya ce, "Wanga ko ciyawa ba ya ci," ya miƙa mata nashi.

Baba, kai ne ka sa har yau muna cikin ɗakin nan, kuma Inna na shiga kasuwa ba wanda ke nuna ta. Da na ji za ka aje aiki na zata har noman za ka bari, sai Mama Ladi ta ce wa'azi ka bari, noma na nan. Rannan na ci tuwo har da ƙari.

Mai buɗaɗɗen hannu, mun gode, Allah ya saka.

Ku kuma masu gona, ku yi koyi da shi. Kafin ku kira wata ɓarauniya, ku tambaya yaushe rabon gidanta da ɗora tukunya.