Gaisuwar da Aka Yanke wa Ɗanlami

Ɗanlami taubashina ne, saboda haka zan faɗi abin da na ga dama a kansa, kuma ba shi da inda zai kai ƙarata. Manomin dawa ne a Ruwan Bore, gajere, mai hula ɗaya tilo da ta sha rana har ba a gane launinta. Ba shi da babur, ba shi da shanun kirki. Abin taƙamarsa a duniya ɗaya ne: tun da ya yi wayo ba a taɓa gaishe shi ya ƙi amsawa ba, kuma bai taɓa barin gaisuwa a rabi ba.

In ya tare ka, sai ya tambayi kwananka da gajiyarka da iyalinka, sannan ya gangaro kan awakinka ɗaya bayan ɗaya. Direbobin motar Tsafe in suka hango hularsa a bakin titi ƙara wuta suke yi. Ranar ɗaurin aurensa ma sai da aka aika aka kamo shi a ƙofar masallaci, yana tambayar wani Bafulatani jikin maraƙinsa. Muna yara an so a haɗa ni da shi, na ce ba zan iya da mutumin da sai ya gama gaida gari zai kawo cefane ba.

'Yarsa Juwairiyya a wajena take zaune a Damba, tana karatun aikin jarida a Gusau. A zangon ƙarshe malaminsu ya ce kowane rukuni ya shirya bidiyon waƙa da waya, ya kuma ƙayyade musu tsawon da ba za su wuce ba. Ita aka ba jagoranci. Mawaƙinsu Lukuman ne, wani dogon yaro ɗan Bungudu da ya rubuta waƙar yabon manoma, alhali in ka ba shi fartanya ta baya zai riƙe ta. Sun buɗe zaure a waya suna ta shawara, Juwairiyya ta zana kowace fitowa, inda rana za ta kasance da inda kowa zai tsaya. A zanen akwai manomi yana noma a bayan mawaƙi, ba ya cewa komai. Da na ji ta ce babanta ne zai zama manomin, dariya na yi har na ƙware.

Na bi su gonar don kada a ba ni labari. Gonar kuwa a bakin hanyar kasuwa take. Aka kafa sanda mai baki biyu aka ɗaure waya a kai, aka kunna waƙa a lasifika, Lukuman ya shiga motsa baki yana nuna sama. Bai kai amshi ba wata mai nono ta wuce. Ɗanlami ya ajiye fartanya ya shiga gaishe ta. Aka sake daga farko, mai amalanke ya wuce. Aka sake, sai ga yara masu tallan rogo, su ma sai da aka tambaye su iyayensu. Cajin waya yana ta sauka, Lukuman ya yi gumi har hodar da ya shafa ta zama kunu. Juwairiyya ta durƙusa ta roƙi babanta ya daure na ɗan lokaci kaɗan, ya ce ya ji, in Allah ya yarda.

Ya daure kuwa, har waƙa ta yi nisa. Sai ga Malam Mahadi a kan kekensa, amininsa tun suna kiwon awaki, ya ɗaga hannu ya ce sannu da aiki. Nan dauriya ta ƙare. Ɗanlami ya jefar da fartanya ya tare keken, suka yi ta yi, tun daga kwana har kan jakin Mahadi da ke ɗingishi. Wayar tana ta ɗauka, don kowa ya gaji da kashe ta.

Da muka dawo gida aka zuba hotunan a kwamfuta aka shiga tacewa. Wucewar keken nan ta yi kyau, rana a bayansa, hannu a sama, Juwairiyya ta ce ba za ta zubar da ita ba. Ta bar ɗaga hannun, ta yanke duk gaisuwar, ta liƙa wani wuri inda babanta ya sunkuya yana noma ya ba hanya baya. A wajenta aiki ya yi tsaf. Lukuman kuma, da ba ya iya riƙe abu, ya tura wa abokansa tun kafin a miƙa wa malami.

Kafin sati ya zagayo bidiyon ya isa teburin mai shayi a Ruwan Bore. Ba wanda ya saurari waƙar Lukuman. Abin da gari ya gani shi ne Mahadi ya ɗaga hannu, Ɗanlami ya juya masa ƙeya. Ana ta maido wurin baya ana salati. Wasu suka ce rikicin iyakar gona ne, wasu suka ce tun da ya shiga fim ya fara jin kai. Abin haushin, shi kansa Mahadi da aka tsare a rana ana tambayarsa jaki, da ya kalla sai ya yi fushi. Ya sauya hanyar zuwa kasuwa. Da Ɗanlami ya je har gida, ta bayan zana ya amsa masa:

"Ni na san ka gaishe ni. Amma mutanen Tsafe sun sani? Surukaina na can, kuma sun gani."

Washegari da hantsi sai ga Ɗanlami a Damba. Ya gaishe ni gajeriyar gaisuwa, bai ko tambayi kajina ba, a nan na san abin ya yi tsanani, kuma wallahi ya ba ni tausayi. Ya zauna a gaban kwamfuta kamar mai jiran likita, ya ce da 'yarsa:

"Ɗiyata, ina kinka kai gaisuwata? In tana cikin abin ga, ki hiddo min ita."

Juwairiyya ta nuna masa tana nan ba ta ɓata ba, amma ta fi waƙar tsawo, kuma in suka wuce ƙa'ida malam zai rage musu maki. Lukuman, da shi ma yana nan, ya kawo dabara a ƙara wa gaisuwar gudu. Aka gwada. Sai ga dattawa biyu suna rawar kai suna tsiwa da muryar 'yan tsaki. Na yi dariya har na zame daga kujera. Ɗanlami bai yi ba. Ya ce gara a ce bai amsa ba da a ce ya amsa wa Mahadi a gurguje. Ya ɗauki hularsa, ya ce ta bar shi kawai, karatunta ya fi, shi tsoho ne zai saba.

Bai kai ƙofa ba ta kira shi. Ta ce wa Lukuman baitinsa na uku dama maimaici ne, ta goge shi yana kallo yana riƙe da kai. Ta maido gaisuwar dukanta, ta sa kiɗan ya yi ƙasa-ƙasa a ƙarƙashinta. Duk da haka sun wuce ƙa'ida, kuma malam ya rage makin kamar yadda ya ce. Ta ce ba komai, ai ta ci.

Ni na kai wa Mahadi sabon bidiyon, Ɗanlami yana biye da ni kamar wanda za a yanke wa hukunci. Muka zauna a tabarma a ƙofar gida, maƙwabta suka kewaye mu. Mahadi ya riƙe wayar nesa da fuska, ya haɗe rai. Keke ya shigo, hannu ya tashi, muryar Mahadi ta fito daga wayar tana cewa sannu da aiki. Kafin Ɗanlamin cikin wayar ya jefar da fartanya, na kan tabarma ya riga shi amsawa.

"Yauwa, sannu kadai, Mahadi," in ji shi. "An tashi lahiya?"

Mahadi ya kife wayar a cinyarsa, ya share ido da bakin riga.

"Lahiya lau, Ɗanlami. Jakin ma ya samu sauƙi."

Na karɓi wayata na nemi inuwa, don na san ba yanzu za su gama ba.