Madugu a Baya Yake

Mu Hausawan da muka zo Makka ta Chadi da Sudan muka zauna a unguwar Misfala, duk shekara mukan zaɓi madugu wanda zai kai iyalanmu Arfa a ƙafa ya dawo da su. Ba ƙuri'a ake jefawa ba. Magidanta ke taruwa bayan La'asar, kowa ya tashi ya tsaya bayan wanda yake so.

Wata shekara cikin shekarun sittin, mutum biyu aka tsayar. Ɗaya mai sayar da turare ne, ga kwanya ga baki, Larabcinsa ko ɗan Hijaz sai ya saurara. In askari ya tare shi, da dariya suke rabuwa. Ɗayan mahauci ne mai nauyin baki, in ka yi masa sallama sai ka gyara hula kafin ya amsa. Matasa na cewa kansa a tukunya yake.

Ni damuwata Inna ce, mahaifiyata. Gwiwa ta ci ta, ga shi ta rantse da ƙafarta za ta yi wannan Hajjin, don ta san shi ne na ƙarshe. Na ce ai mai basira ne zai fitar da ita daga turmutsutsu, na tsaya bayan mai turare, mu da yawa.

Sai ya waiwayo ya dube mu. "Jama'a, kun manta tsarin ayari ne? Jagaba ke gaba, madugu a baya yake. Wallahi ni ban iya jiran kowa ba. Ku ba ni gaba, ku ba shi ayarin." Ya taka ya tsaya bayan mahauci, muka bi shi sumui-sumui.

Har yau in ana gardama ko basirar shugaba abin dubawa ce, nakan ce abin dubawa ce mana. Sai dai ban ga mai basira kamar wanda ya san abin da ba zai iya ba, kuma na ƙaunace shi a ranar.

Da Hajji ya zo, bayan tsayuwar Arfa, da safe muka baro Muzdalifa. Mai turare, jagabanmu, na gaba yana "yalla, yalla", wato mu je mu je, yana buɗa mana hanya. Rana ta ɗaga, ƙafar Inna ta ƙi, ta zube a gefen hanya. Hankalina ya tashi, don ayari ya yi nisa. Mahauci ya ƙaraso, ya buɗe mata lema, ya zauna a ƙasa kamar ba inda za shi.

"Ɗan nan, tafi ka bi jama'arka," in ji Inna. "Ni tawa ta ƙare a nan."

Ya gyara mata lemar, ya ce:

"Inna, in na wuce ki, ai ni ba madugu ba ne kuma."

Ta dube shi, ta yi tsaki, ta miƙa masa hannu. Mu ne na ƙarshe da suka shiga Mina, amma da hannunta ta yi jifa.