Burodin da Ya Yi Wata Bakwai a Akwatin Wuta

Wata Juma'a cikin sanyin Fabrairu, sau huɗu na ɗauke wutar ɗakin shan gahawa na tasharmu. Butar lantarki na jona, da hita saboda ƙafafuna, da ɗan kaskon narka cuku da na zo da shi daga gida. Da zarar cukun ya fara sakin jiki sai ka ji ƙas! Bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in kaya sun yi mata yawa, ta faɗi. A tashar nukiliya fa, mai haska garuruwa, ni Aristide na kasa narka cuku. A karo na biyar na buɗe akwatin wutar da ke bayan ƙofa, na ɗaga hannun birekar, na tokare shi da busasshen guntun burodi. Kafin in gwada aka kira ni bakin aiki, washegari kuma na tafi hutun mako biyu. Da na dawo na jona komai, wuta ba ta ɗauke ba, ko gezau. Na ce lallai an yi asarar injiniya da aka bar ni a gyaran famfo.

Matsalar ita ce, duk wata bireka da ke wannan gini a hannun Madam Solange Pichereau take.

A wani ƙauyen masu kiwon awaki da ke bakin kogin Luwar aka haifi Solange. Mahaifinta, in fis ɗin wutar lantarkin gidansu ya ƙone, ƙusa yake cusawa a madadinsa. Tana shekara tara rumbun cukunsu ya kama da wuta. Awaki sun tsira, amma ƙauyen ya yi sati yana ƙamshin gasasshen cuku, karnuka suna zuwa daga nesa yi musu jaje. Tun daga ranar ta ƙulla gaba da duk mai hana wuta yankewa.

Aikinta shi ne ta bi birekokin nan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗura wa kowace wutar da ta fi ƙarfinta da na'urar gwaji, ta auna cikin lokaci nawa ta faɗi, ta rubuta, ta sa hatimi. Ƙa'idar hukuma ita ce ƙarama ta riga babba faɗuwa, don kada laifin soket ɗaya ya ja wa injinan sanyaya tukunyar nukiliya rashin wuta. Har gida take kai halin. Mijinta Fernand ya ce ranar ɗaya ga kowane wata sai ta gwada birekar gidansu, ko da ana shirin buga fenareti a talabijin.

Shekara talatin da ɗaya, ba sufeton da ya taɓa rubuta ko layi ɗaya a kan aikinta. Ƙarshen Satumba za ta yi ritaya, kuma abin da ta sa a gaba shi ne ta fita da takardarta fara fes. Binciken ƙarshe ya faɗo saura mako biyu ta yi ritayar.

Ni kuwa na manta da burodi sarai, sai da na ga Solange ta shigo ɗakin gahawa da sufeton hukuma, wani dogo mai suna Vauthier, wanda ba ya wuce ƙofar akwati bai buɗe ba. Na yi tsalle na manna bayana a jikin akwatin.

"Aristide, me kake yi a nan?" in ji Solange.

"Bayana ne, Madam. Likita ya ce in riƙa jingina da ƙarfe mai sanyi."

"Wane likitan?"

"Sabo ne, ba ki san shi ba."

Vauthier ya kurɓi gahawa yana kallona ta saman tabarau. "Bawan Allah, ɗan matsa mini."

"Ranka ya daɗe, ka ɗanɗana cukun nan tukuna, na ƙauyen Madam ne."

"Na ƙoshi."

"To ka ga hoton jikata?"

"Ba ka da jika," in ji Solange.

Minti goma ina manne kamar ƙadangare, na ba da labarin aikin basir da aka yi wa surukina tun daga farko. Da na ga mutumin ya ciro alƙalami, na dubi Solange, furfurarta da 'yar jakar kayan aikinta da ta koɗe, na tuna shekara talatin da ɗaya za su tafi a kan guntun burodina. Sai na saki.

"Ranka ya daɗe, abin da za ka gani a ciki ni na sa. Madam ba ta sani ba. Sunana za ka rubuta, in kora ce a kore ni."

Ya buɗe. Ga burodina nan daram, ya yi tauri kamar dutse. Amma a ƙarƙashinsa akwai jar takarda a manne, da lamba, da kwanan wata, da sa hannun shugaban sashe. Wayoyin birekar kuma duk an cire, an rufe bakinsu.

Solange ta miƙa masa fayil daga jakarta. Ashe tun Litinin ɗin farko bayan na tafi hutu ta gano. Ta ɗauki hoto, ta kai rahoto, ta sa aka ja wa ɗakin sabon layi da birekar da ta dace, a wani akwati daban. Tsohuwar kuma ta nemi izini a bar ta haka, ba wuta a jikinta, don koyar da sababbin ma'aikata.

"Kuma ko da wuta, burodin bai hana komai ba," ta ce wa Vauthier. "Irin waɗannan daga ciki suke faɗuwa, ko an ɗaure hannun da igiya. Na gwada, shafi na uku."

Ya karanta shafi na uku, ya karanta na huɗu, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Ya mayar da alƙalami aljihu, ya ce ba shi da abin rubutawa. Ya nemi izinin ɗaukar hoton burodin.

Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa sababbin ma'aikata suke gaishe ni suna danne dariya, da dalilin da wani ya taɓa ajiye mini man shanu a kan tebur.

Da sufeto ya fita na ce, "Haba Madam! Wata bakwai ba ki ce mini uffan ba?"

"Takardar gargaɗinka tana akwatin wasiƙunka tun Fabrairu. Ba ka buɗewa ne."

"To bari in cire abin kunyar nan in jefar."

Ta doke mini hannu. "Kul! Shekara ashirin kana tashar nan, Aristide, burodin nan ne kaɗai aikinka da wani ya ƙaru da shi."