Tayin da Na Yi a Motar Gagarawa

Muna cikin motar Gagarawa jiri ya fara ɗibata. A jakata akwai ɗan abincin nan na leda mai kama da alawar gyaɗa, wanda aka ba ni a asibiti saboda ƙarancin jini. An ce kullum in cinye guda.

Amma ya budurwa za ta hau tauna cikin maza? A littattafan soyayyar da nake karantawa, jaruma ko ruwa ba ta sha a mota.

Da jirin ya ƙaru na ɓare, na miƙa wa tsohuwar da ke gefena. "Bismillah, Inna."

"Me aka zuba ciki?"

"Gyaɗa da gero da waken suya. An ƙara bitamin da sinadarin ƙarin jini."

"Au, dakuwa ce ta yi boko. To ni jinina ya ishe ni, 'yar nan. Cinye abinki."

Ta ga ina satar kallon mazan, sai ta ware mayafinta ta kare ni har na gama.

Ko sunanta ban tambaya ba. Ku fa, wace baƙuwa ta taɓa rufa muku asiri haka?