Miya Babu Daddawa

A shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, mu masu keken ɗinki a cikin garin Daura mun yi kasuwa, domin kowace mace hijabi take nema, har 'yan firamare. Ta ɗinkin hijaban makaranta na saba da shugabar firamaren unguwarmu, wata malama mai sanyin murya.

Wata rana na kai mata ɗinki, ta ce in zauna. Ta ce akwai yaran da 'yan'uwansu ɗalibai ke cin zalinsu, malamai kuma ba za su iya bin kowa ba. Don haka kwamitin iyaye ya ce a nemo manya a unguwa, a ba kowa yaro ɗaya, maza su ɗauki maza, mata su ɗauki mata. In an fita tara, ka zo ka zauna da naka.

"Hajiya, sharaɗin ɗaya ne," in ji ta. "Ba duka, ba faɗa. Saurare kawai."

"Malama, ai saurare aikina ne," na ce.

Ta yi murmushi. Ta san in na yi magana a ɗakina, ana jina a masallacin bakin layi.

Wadda aka ba ni 'yar aji huɗu ce, siririya mai manyan idanu. Uwarta daddawa take yi a gida tana kaiwa kasuwar Zango, warin kuma ya kama hijabin yarinyar, wanki ba ya fitar da shi. Sai yara suka sa mata suna Daddawa. In ta shigo aji su toshe hanci, in ta zauna a benci su matsa.

Muka fara zama a tabarma ƙarƙashin darbejiyar makaranta. Na tambaye ta gida, ta sunkuyar da kai. Na tambaye ta masu tsokanarta, ta kalli yatsun ƙafarta. Ni kuwa ba na iya ganin shiru in bar shi. Na ba ta labarin yadda ake kirana Ganga ina yarinya, da yadda na tura wata a kwata, sannan na tuna sharaɗin Malama na ce kada ta yi koyi da ni. Na ba ta labarin aurena, da tsadar yadi, da ciwon gwiwata. Aka yi makonni a haka. Ta san tarihina kaf, ni ko muryarta ban sani ba.

Sai na ce bari in yi maganin abin daga tushe. Na ɗinka mata sabon hijabi, na turara shi da turaren wuta, na zuba masa humra irin wadda nake haɗa wa amare. Abin da ban lissafa ba shi ne yarinyar za ta kwana da shi a ɗakin da ake rufe kalwa. Da safe humra da daddawa suka shiga aji tare, ba wadda ta bar wa wata. Malamin lissafi ya yi ta atishawa har ya fitar da yara waje ya ƙarasa darasi a inuwa. Kafin a tashi, sunanta ya koma Amaryar Daddawa.

Malama ta kira ni ofis. "Hajiya, Allah ya saka da alheri. Amma don Allah a bar turaren."

Ana cikin haka aka yi bikin 'yar ƙawata a Sandamu. Lokacin an rage kiɗa a biki, sai walima da wa'azi, don haka nauyin nishaɗin ya dawo kan masu guɗa, ni ce kuma babbarsu. Na yi guɗa tun daga ɗaukar amarya har buɗar kai, na dawo a bayan buɗaɗɗiyar mota. Na wayi gari babu murya ko kaɗan. Maigidana, wanda hatsi yake sayarwa, ya yi mini sannu da wata fara'a da ban ji daɗinta ba.

Duk da haka na je makaranta. Muka zauna, na nuna mata maƙogwarona, na girgiza kai. Ta dube ni sosai, kamar tana so ta tabbatar. Can sai na ji wata 'yar murya.

"Mama, ni ba sunan ne ke damuna ba."

Na kusa amsawa, iska kawai ta fito.

"In na sha ruwa a randa, sai su ce a wanke moɗa. In ana 'yar carafke, ba sa sa ni. Ko na zo da duwatsuna."

Na yi mata alama da hannu, wa ke sa su?

Ta ce, "Ta gidanku."

Ɗiyar ƙanina ce, wadda nake riƙo tun an yaye ta, ajinsu ɗaya. Ashe shi ya sa yarinyar ta ƙi magana. Tana ganin ɗiyar tawa kullum tana ɗaukar mini jaka in an tashi, ta ɗauka duk abin da ta faɗa zai koma kunnenta.

Na isa gida raina a ɓace, ga shi ba muryar faɗa. Na zaunar da ɗiyar tawa, na yi ta nuni da hannu har ta gane maganar.

"Gwaggo, ni fa ba na son warin daddawa ne," ta ce, tana murguɗa baki. "Tayar mini da zuciya yake."

Na gyaɗa kai. Ranar na kaɗa miyar kuka ba daddawa, ba dunƙule. Ta fito kore shar, ba ta da maraba da ruwan rini. Maigida ya kai loma ɗaya, ya tsaya, ya dube ni.

"Hajiya, wani abu ya samu miyar nan?"

Na nuna ɗiyar tawa, na toshe hancina.

Washegari kuɓewa, ba daddawa. Jibi taushe, haka. Ɗiyata ta dage tana ci tana cewa da daɗi, idonta na kawo ruwa. Maigida ya fara daɗewa a masallaci bayan magariba, ya dawo yana warin tsire, ya ce yau ba ya jin yunwa. Maƙwabciyata ta aiko a sammata miya, ta ɗanɗana, ta taso da kanta ta zo duba ni ko jikin ne. Ni kaina wahala nake sha, amma muryata ta dawo ban janye ba.

Maigida ne ya fara karaya. Ya kira yarinyar gefe, ina jinsa yana cewa, "'Yata, ko me kika yi wa gwaggonki, ki ji tausayina."

Da yamma ta zo ta tsaya bakin ɗakin ɗinki. "Gwaggo, a sa daddawar."

"Babu a gidan. Ɗauki hijabinki mu je mu samo."

Gidan su yarinyar da Malama ta ba ni muka je. Uwar ba ta san komai ba. Da ta ji ɗiyata ajinsu ɗaya da 'yarta, sai ta rasa inda za ta sa ta. Ta shimfiɗa mata tabarma, ta dama mata fura, ta ce ashe 'yarta na da ƙawa ba ta taɓa faɗa ba. Ɗiyata ta karɓi furar a moɗar gidan, ta sha, kanta a ƙasa. Yarinyar na tsaye jikin bango tana kallo, ba ta tona ta ba.

Muka sayi daddawar, muka koma gida.

Ba zan ce abin ya wuce gaba ɗaya ba. Sunan ya bi yarinyar har ta gama firamare, sai dai ta koyi amsawa. In an kira ta da shi, sai ta ce wanda ba a ci a gidansu ya ɗaga hannu. An daina wanke moɗa, kuma na gan ta da idona a cikin 'yan carafke, tana cinye ɗiyata ba tausayi. Zamanmu a tabarma ma ya canja, don wani lokaci har tara ta ƙare ban samu na sa baki ba.

Da sabon zango ya zo, Malama ta aiko cewa akwai wata yarinyar da take so in karɓa. Na faɗa wa maigida muna cin tuwo. Ya suɗe hannunsa a hankali.

"Ki karɓa, aikin lada ne," ya ce. "Amma ki fara tambaya me ake sayarwa a gidansu. In gishiri ne, ki ba su haƙuri."