Abin da ya fito daga tukunyar zaitun

A shekarata ta biyu ina kula da wani sito a Dubai Investments Park aka kawo mana kwantenar itatuwan zaitun daga Maroko, kowanne a tukunyarsa. Muna cikin sauke su da hantsi sai wani abu mai sheƙi, launin ƙasa, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, ya sulalo daga ƙasar wata tukunya. Na ɗauki shebur.

Direbanmu, wani dattijo mutumin Maraɗi, ya riƙe mini hannu. Ya ce in duba, abin yana ƙifta ido, shi kuwa tunda yake bai taɓa ganin macijin da ke ƙifta ido ba. Na ce Baba, to mene ne? Ya ce shi ma bai sani ba.

Muka kifa masa bokiti. Bakin bokitin ya ɗan taɓa jelarsa, sai ta gutsure gida biyu, kowane gutsure yana wutsil-wutsil a kan siminti. Na rasa wanda zan tsare, na cikin bokitin ko na waje.

Manajanmu ya buga wa masu kula da namun daji waya. Bayan azahar wata likitar dabbobi ta zo, ta ɗauke shi da hannu kamar igiya. Ta nuna mini ɗan ramin kunne a bayan idonsa, da wata tsaga da ta bi gefen jikinsa. Ta ce ƙadangare ne, Turawa na kiransa ƙadangaren gilashi saboda yadda jelarsa ke karyewa in ya tsorata. Na ce ina ƙafafun? Ta ce babu, haka jinsinsa yake. A zatonta irin na duwatsun Maroko ne, wanda ba a cika gani ba, kuma dazuzzukan da yake zaune sai raguwa suke.

Na tambaya ko za a mayar da shi Maroko. Ta ce sai da takardu, a nan kuma ba a sakinsa, zafi zai kashe shi. Ta miƙo mini fom in cike. A wurin da aka rubuta mai dabba na tsaya ina juya biro.

"Baba, sunan wa zan sa?"

"Sa naka mana, kai ka fasa kashe shi."

Na sa. Bayan wata guda na kira ofishinsu in ji labarinsa, aka ce likitar ta canza wurin aiki. Wanda ya ɗaga wayar ya yi ta tambayata ko maciji nake nufi, ni kuma na kasa yi masa bayani.